Jacob da Mai Baƙar Riga a Lost: wai waye azzalumin a cikinsu?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan gida. Jiya wajen ƙarfe biyun dare na ƙarasa Lost, shirin talabijin ɗin nan na Amurka kan mutanen da jirgin samansu ya faɗo a wani tsibiri, karo na biyu, zango shida cif, kashi 121, idona har yanzu yaji yake min. Karon farko tun muna makaranta na kalla a fulash ɗin wani abokina, lokacin ni dai Jack da Sawyer da Kate kawai nake bi, wa zai auri wa, ban damu da waɗancan tsofaffin biyu ba. Amma a wannan karon wlh su ne suka hana ni barci. Tun daga buɗewar kashin ƙarshe na zango na 5, inda Jacob yake zaune bakin teku da farar riga yana gasa kifi, ɗayan ya zo da baƙar riga ya zauna kusa da shi kamar maƙwabci ya zo hira, suna hango jirgin ruwa can nesa, sai kawai ya ce masa ka san irin yadda nake son kashe ka kuwa? Jacob ya ce eh na sani. Babu faɗa babu ɗaga murya. To tambayata, an nuna mana fari da baƙi don mu ce wannan na kirki wancan mugu, amma ni da na gama sai na ji tausayin Mai Baƙar Riga ya fi kama ni, Jacob kuma haushinsa nake ji. Ni kaɗai ne ko akwai irina? Wanda bai gama kallo ba don Allah ya tsallake, za a tona komai a nan.

Bash Mai Waya:
Wa alaikumus salam. Kai Ɗan Fagge ka ji tsoron Allah, tausayin wa?? Mutumin da tun kashi na farko ya fizge matuƙin jirgi ya rataye gawarsa a kan bishiya? Ya shiga haikali a zango na 6 ya karkashe duk wanda ya ƙi binsa, ya saka bam a jakar Jack har Sayid da Sun da Jin suka mutu a jirgin ƙarƙashin ruwa. Ni har yau in na tuna hannun Jin da Sun suna rabuwa a cikin ruwan nan sai na ji wani abu ya tsaya min a wuya. Wannan ne abin tausayin naka?

Ɗan Fagge:
Bash ban ce waliyyi ba ne. Cewa na yi wa ya mayar da shi haka? Ai Jacob da bakinsa ya amsa, daren da ya tara su Jack da Kate da Sawyer da Hurley a bakin wuta, ya ce kuskure ya yi tun da daɗewa kuma shi ne sanadin zaman ɗan'uwansa dodon baƙin hayaƙin nan.

Ummi K:
Ɗan'uwansa?? Innalillahi. Ni fa ina zango na 4, me ya kai ni karantawa 😭

Admin:
Ummi an yi gargaɗi a sama, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Fita ki dawo in kin gama.

Maman Tagwaye:
Ku ba ni wuri ni da nake da tagwaye a ɗaki. Duk wannan rigimar ku bar ɗora ta a kan yaran, uwar riƙon nan ita ce ummul haba'isi. Ku koma kashi na 15 a zango na 6. Mace ta fito daga teku da tsohon ciki, jirginsu ya nutse, sunanta Claudia, Latin ma suke yi da matar da ta tsince ta. Ta haifi na farko ta ce sunansa Jacob, sai ga naƙuda ta dawo ga na biyu, ta ce ita fa suna ɗaya ta tanada. Kafin ta ko rungume su matar nan ta ɗauki dutse ta fasa mata kai. Wato daga ranar haihuwa aka fara da jini da ƙarya. Kuma abin da ya fi ci min rai, shekara da shekaru matar nan tana riƙon yaro ba ta raɗa masa suna ba. A wurinmu ko ba a shirya ba ai tagwaye da sunansu suke zuwa, Hassan da Hussaini, ba sai an yi shawara ba. Yaro ya tashi ana kiran ɗan'uwansa da suna shi kuma sai dai a ce kai, me kuke jira ya zama?

Malam Na-Zariya:
Hajiya kin taɓo wuri mai kyau, amma bari in ɗan yi miki gyara kaɗan. In kika lura, marar sunan shi ne ɗan mowa a wajen uwar, Jacob ne ɗan bora. Shi take ce wa na musamman ne, shi ta so ya gaje ta wajen gadin hasken da ke tsakiyar tsibirin. Jacob har tambayarta ya yi ko ta fi son ɗan'uwansa, ta kauce ta ce kowa da irin son da take masa. Kuma daren da ta ba shi abin sha ya karɓi gadin, ai sai da ya faɗa mata a fuska cewa wancan kika so, yanzu don ni kaɗai na rage miki ne. Saboda haka kowannensu da nasa ciwon. Ɗaya an so shi amma an ɗaure shi, ɗaya ya yi biyayya iya biyayya amma ya san shi ne zaɓi na biyu. Wanda ya tashi a gidan yawa ya san irin wannan ba ya warkewa da girma.

Maman Tagwaye:
Haka ne Malam, na yarda. Shi ya sa ko alewa zan raba wa nawa sai na ƙirga a gabansu. Rannan na saya musu takalma iri ɗaya, na ɗaya ya zo da ɗan tabo a gefe, wlh sai da aka kwana biyu ana min shari'a a kan wa na ba mai tabon da gangan.

Bash Mai Waya:
To duk mun ji tarihin yarinta. Amma mutum nawa aka yi wa riƙon banza ba su zama masu kisa ba? Ita uwar ma ai shi ya soke ta da wuƙa.

Ɗan Fagge:
Bash ka faɗi abin da ya faru kafin wuƙar mana. Yana ɗan shekara 13 fatalwar mahaifiyarsa ta gaskiya ta fito masa ta nuna masa mutanensu a ɗaya gefen tsibirin, ta gaya masa daga ƙetaren teku suka zo, alhali an rene shi a kan cewa babu komai a duniya sai tsibirin. Ya koma cikinsu ya yi shekara 30 yana neman hanyar fita, suka haƙa rijiya, ya gano inda ƙarfe yake mannewa, ya ƙera wannan katon gargaren da daga baya Ben ya juya a zango na 4. Ya kusa cin nasara sai matar ta zo kamar za ta yi masa sallama, ta rungume shi ta buga kansa da bango, ya farka ya tarar an cike rijiyar an ƙone ƙauyen an kashe kowa. Shekara talatin ta tafi a dare ɗaya. Kuma me ya roƙa? Bai ce a ba shi sarauta ba, bai ce a ba shi hasken ba, cewa ya yi a bar shi ya tafi gida. Da ya soke ta ma godiya ta yi masa, kamar dama abin da take jira kenan. Shi kuma Jacob da aka gaya masa ƙarara cewa shiga kogon hasken nan ya fi mutuwa muni, ya lakaɗa wa ɗan'uwansa duka ya ja shi har bakin kogon ya jefa shi. Da saninsa fa. To in ɓera da sata ai daddawa ma da wari.

'Yar Damagaram:
Ina wuni jama'a. Ni da fassarar Faransanci a ƙasa na kalla, in na yi kuskure ku gyara min. Akwai wata magana da na ga ba ku kawo ba. Lokacin da ɗaya daga cikin yaran ya tsinci akwatin wasan nan a bakin teku, mai fararen duwatsu da baƙaƙe, wasan tsohuwar Masar ne Senet, ɗan baƙar rigar ne yake tsara dokokin yadda ya ga dama, da Jacob ya yi ƙorafi sai ya ce masa wata rana kai ma ka ƙirƙiro naka wasan kowa ya bi dokarka. A ganina duk Lost ɗin nan shi ne wasan da Jacob ya ƙirƙiro. Ya girma ya samu iko sai ya mayar da mutane duwatsun dara. Ku tuna tun zango na 1 Locke ya ɗaga wa yaron nan Walt duwatsu biyu ya ce 'yan wasa biyu ne, ɓangare biyu, ɗaya haske ɗaya duhu. Kuma ƙwarangwal biyun da Jack ya tarar a kogo da farin dutse da baƙi a tare da su, waɗanda Locke ya kira Adamu da Hauwa'u, ashe uwar ce da ɗan.

Malam Na-Zariya:
Madalla 'yar'uwa, wannan ita ce gaɓar. Musun da ke tsakaninsu kan ɗabi'ar ɗan Adam ne. Mai Baƙar Riga yana cewa mutane in sun zo faɗa za su yi, su rusa, su lalata, kullum ƙarshen ɗaya ne. Jacob yana cewa ƙarshe sau ɗaya yake zuwa, duk abin da ya gabace shi ci gaba ne. Amma abin dariyar, maganar da Mai Baƙar Riga yake maimaitawa ba tasa ba ce, ta uwar ce, ita ta fara faɗa musu suna yara. Ya tsane ta ya kashe ta amma karatunta yake biyawa. Sannan shi ne ya zauna cikin mutane shekara 30 ya ci ya sha da su ya ce masu haɗama ne da son kai, Jacob kuma daga nesa yake leƙensu yana cewa ai ba su da laifi. Wanda ya yi zaman ya yanke ƙauna, wanda bai yi ba yana kyautata zato. Wannan ya sa ban iya yanke hukunci da sauri ba.

Bash Mai Waya:
Malam da girmanka amma ni a wajena abin a fili yake, aikin Shaiɗan ne sak. Ba ya iya kashe ka da hannunsa in kana cikin zaɓaɓɓun Jacob sai dai ya yi maka waswasi ka kashe kanka ko ka kashe ɗan'uwanka. Yana zuwa maka da fuskar wanda ka fi so. Jack ya zo masa a mahaifinsa, Richard a matarsa Isabella, Ben a 'yarsa Alex, Eko a ƙaninsa Yemi. Kowa ya san inda yake masa ciwo. Sayid ya yi masa alkawarin abin da ya rasa, Claire ya bar ta shekara uku a daji tana zaton mutanen haikali ne suka sace mata ɗa. Ingiza mai kantu ruwa kawai.

Malam Na-Zariya:
Bash kamannin akwai, amma mu yi hattara kada mu ɗora wa fim abin da ba nasa ba. Marubutan sun ɗebo daga wurare da yawa ne, gunkin nan mai yatsu huɗu Taweret ce ta Masar, sunan ƙungiyar Dharma daga addinan Indiya, sunan Jacob kuma daga labarin Yakubu da tagwaininsa Isuwa na Baibul, shi ya sa kafin zango na 6 masu kallo da yawa suke kiran marar sunan da Esau. Wasu kuma Habila da Ƙabila suka gani. Amma in Habila da Ƙabila ne to wa ya kashe wa? A nan ai mai farar rigar ne ya fara halaka ɗan'uwansa. Kuma kar ka manta shi kansa Mai Baƙar Riga ce wa Richard ya yi Jacob ne Shaiɗan, Richard kuma ya yarda har ya ɗauki wuƙa ya tafi.

Oga Sabo:
Tunda an ambaci Eko bari in sa baki, don ni mutuwarsa ce ta sa na yi fushi na ajiye kallon wata biyu. Ɗan Najeriya guda da muke da shi a tsibirin. A zango na 2 hayaƙin ya zo har gaban fuskarsa, ana ganin hotunan rayuwarsa suna walƙiya a ciki, Eko ko gezau, hayaƙin ya juya ya tafi. A zango na 3 ya dawo masa a siffar Yemi ya ce ya yi iƙirarin zunubansa, Eko ya durƙusa ya ce shi ba ya neman gafara don bai yi zunubi ba, abin da ya yi ya yi ne don ya rayu, yana yaro ya kashe mutum don ya ceci ƙaninsa. Nan take aka ce masa kana min magana kamar ni ɗan'uwanka ne, sai ga hayaƙi ya yi ta maka shi da bishiya. Fahimtata ita ce yana neman wanda laifi ke ci a zuciya ne don ya samu igiyar jansa, da ya ga Eko ba shi da wannan igiyar sai ya kawar da shi ya koma kan Locke. Na san dai a zahiri ɗan wasan, Adewale Akinnuoye-Agbaje, shi ya nemi barin shirin, amma yadda suka rubuta fitar ta zauna daidai da halin dodon.

Ɗan Fagge:
Oga Sabo wannan fassarar ta yi. To amma ina Jacob yake lokacin da ake maka Eko da bishiya? Yana ƙarƙashin ƙafar gunki yana saƙa. Abin da ke ba ni haushi kenan. Richard ya tambaye shi a 1867, bayan jirgin Black Rock ya tarwatse, ko akwai waɗanda ya kawo kafin shi, ya ce da yawa, ina suke, ya ce duk sun mutu. Haka kawai ba ko girgiza. Kai ka kawo mutane tsibiri ba su roƙe ka ba don ka ci musu da ɗan'uwanka, sannan ka naɗe hannu ka ce ba za ka sa baki ba don kana so su gane daidai da kansu. Sai da Richard, baƙauye daga Tenerife wanda ko Turanci da Baibul ya koya, ya ce masa in kai ba ka shiga ba ai shi zai shiga, sannan ya yi shiru kamar bai taɓa tunanin haka ba. Shekaru aru-aru fa!

'Yar Damagaram:
Kuma "ba na sa baki" ɗin ma ba gaskiya ba ne. Wa ya biya wa Kate kuɗin akwatin abincin da ta sata tana yarinya? Wa ya miƙa wa Sawyer biro ranar jana'izar iyayensa ya ƙarasa wasiƙar ɗaukar fansar da ta cinye masa rayuwa? Wa ya tsayar da Sayid a bakin titi da tambayar hanya mota ta kaɗe Nadia a gabansa? Locke ya faɗo daga hawa na takwas Jacob yana zaune a benci yana karatu yana jira. Ga hasumiya da madubai yana leƙen gidajen mutane tun suna yara. Wannan duk ba sa baki ba ne?

Bash Mai Waya:
Na Sayid ai cetonsa ya yi, da bai tsayar da shi ba da su biyun motar za ta kwashe.

'Yar Damagaram:
To me ya hana shi tsayar da su biyun?

Bash Mai Waya:
Hmm. Wannan kam ban da amsa.

Malam Na-Zariya:
Bari in ɗan kare Jacob tunda na ga an taru a kansa. Ku tuna kwalbar giyar da ya nuna wa Richard, ya ce abin da ke ciki shi ne sharri, tsibirin kuma shi ne murfin da ya hana shi malala. In maganar nan gaskiya ce to mutumin nan gadi yake yi wanda bai nema ba, kuma ya san ɗan'uwansa ba zai fasa neman kafar kashe shi ba, dole ya tanadi magaji. Lambobin nan da suka addabi Hurley, 4, 8, 15, 16, 23, 42, ai lambobin 'yan takarar gadon nasa ne, Locke, Hurley, Sawyer, Sayid, Jack, sai Kwon wanda ba a fayyace Sun ce ko Jin ba. Da Sawyer ya ce masa shi yana zaman lafiyarsa aka tsomo shi, Jacob ya ce a'a, babu wanda na ɗauko daga cikin jin daɗi, dukkanku a karye kuke kuma ku kaɗai, kamar ni. Kuma abu ɗaya da ya yi wanda uwar ba ta yi masa ba, ya ba su zaɓi. Shi an ce masa ba ka da zaɓi, sha. Su kuma ya ce wa zai karɓa, Jack ya miƙe da kansa. Har Kate da aka soke sunanta ya ce mata layin alli ne kawai, don ta zama uwa ya soke, in tana so aikin nata ne.

Maman Tagwaye:
Malam zaɓi bayan an kashe rabin mutane kuma jirgin ruwan ya nutse? Wannan ai kamar a kai ka tsakiyar kogi ne a ce kana da zaɓi ka yi iyo ko ka bari.

Oga Sabo:
😂😂 Hajiya ta gama magana. Ni kuma wanda nake ganin an fi zalunta a rigimar nan ba ɗaya daga cikinsu ba ne, Ben ne da Locke. Locke dai an yi masa sakiyar da ba ruwa tun daga farko. Ya ga hayaƙin a zango na 1 ya dawo yana cewa ya kalli idon tsibirin kuma abin da ya gani kyakkyawa ne, bawan Allah ashe tarko ne. Ku duba yadda aka ɗaure zaren, dodon a siffar Locke ya aiki Richard ya je ya gaya wa Locke na gaskiya, lokacin da suke tsalle-tsallen zamani, cewa sai ya mutu kafin ya dawo da su Jack. Wato ya yi amfani da fuskar mutum wajen aika masa saƙon mutuwarsa don ya samu fuskar. Kaina sai da ya yi zafi kafin na gane. Ben ya shaƙe Locke a ɗaki, aka sa gawar a jirgin Ajira 316, shi kenan kafa ta samu.

Ɗan Fagge:
Shi kuma Ben shekara nawa yana karɓar umarni da jerin sunaye a takarda daga mutumin da bai taɓa gani ba. Ya yi ciwon ƙari a ƙashin baya a tsibirin da kowa ke warkewa, aka harbe 'yarsa a gabansa, bai taɓa samun ko sannu ba. Ranar da ya shiga ɗakin nan a ƙarƙashin gunki yana rawar murya ya ce to ni fa? Jacob ya dube shi ya ce kai ɗin me? Wlh da na sake kallon wurin jiya sai da na tsayar na mayar baya sau uku. Kalma ɗaya mai daɗi da ta isa ta sa Ben ya yar da wuƙar. Kamar dai da gangan ya tsokane shi.

Malam Na-Zariya:
Akwai masu ganin da gangan ɗin ne, kamar yadda uwar ta yi godiya da aka soke ta, shi ma ya gaji. Amma Miles da ya taɓa tokarsa ya ce har daƙiƙar ƙarshe Jacob yana fatan ya yi kuskure a kan Ben, wato yana fatan ba zai soka ba. Ni na fi karkata ga cewa jarrabawa ce irin tasa, ya ƙi lallashi don kada a ce ya saye shi da daɗin baki. Sai dai jarrabawar da ba a koyar da darasinta ba, ni malamin makaranta ne, na san sunanta mugunta.

Bash Mai Waya:
To ni tambaya ɗaya ta rage min wadda ta sa ban yarda da tausayin Ɗan Fagge ba. Shin hayaƙin nan ɗan'uwan Jacob ne da gaske? Gawarsa fa an gani a bakin rafi, Jacob ya ɗauka ya kwantar a kogo kusa da uwar. Tunda dodon yana ɗaukar siffar matattu da tunaninsu, har maganar Locke ta kada ka gaya min abin da ba zan iya ba sai da ta kuɓuce masa, me zai hana a ce marar sunan ya mutu tun ranar, wani abu ne daban ya fito daga kogon ya sa fuskarsa ya gaji burinsa na fita? In haka ne duk tausayin da kuke ji na mamaci ne, abin da ke yawo kuma ba shi ba ne.

'Yar Damagaram:
Na taɓa tunanin haka Bash, amma shi da kansa ya ce wa Richard an ƙwace masa jikinsa da mutuntakarsa, ya ce wa Sawyer shi ma da mutum ne ya san farin ciki da zafin cin amana, ya ce wa Kate uwarsa mahaukaciya ce. Kuma dokar da uwar ta kafa cewa ba za su iya kashe juna ba ta ci gaba da aiki a kansa, in wani abu ne daban me ya sa dokar ta kama shi?

Bash Mai Waya:
Maƙaryaci ne fa, duk abin da ya faɗa wa su Sawyer don ya ja su ne. Amma maganar dokar ta ɗan kama ni, zan sake duba wurin.

Ɗan Fagge:
Ni abin da ya ƙarasa ni shi ne ƙarshensa. Desmond ya zare murfin dutsen, hasken ya mutu, Mai Baƙar Riga ya koma mutum mai jini, yana tsaye a kan dutse yana hango kwalekwalen da zai fitar da shi, abin da yake nema tun yana ɗan shekara 13 ga shi nan a gabansa, Kate ta harbe shi ta baya Jack ya hankaɗa shi ƙasa. Ya mutu da fuskar wani, ba suna, ba wanda ya yi masa kuka. Kuma har aka rufe shirin a 2010 ba mu ga hujjar cewa in ya fita duniya za ta tashi ba, faɗa mana kawai aka yi, su Jacob da Widmore da Richard.

Malam Na-Zariya:
Hujjar da aka nuna ita ce sai ya kashe 'yan takara duka kuma ya kashe hasken kafin ya fita, kuma mun ga yadda tsibirin ya fara rugujewa da aka zare murfin. Ko shi ba sharri ba ne, hanyar fitarsa ta bi ta kan rayukan mutane. Amma ka lura da abin da Ben ya ce wa Hurley da gadin ya dawo hannunsa, Hurley yana cewa ai ba a barin tsibirin, Ben ya ce wannan tsarin Jacob ne, wataƙila akwai hanyar da ta fi. Marubutan da kansu kenan suna gaya maka dokokin nan ba daga sama suka sauko ba.

Maman Tagwaye:
Wato da tun farko matar nan ta bar yaro ya hau kwalekwale ya tafi, da Oceanic 815 ta sauka Los Angeles lafiya kowa ya kama gabansa.

Oga Sabo:
A'a Hajiya, wannan kuma laifin Desmond ne da bai danna lambobin a kan lokaci ba 😂

'Yar Damagaram:
To wa ya kawo Desmond tsibirin? Kada mu fara wannan, sai mu kwana.

Ummi K:
Na dawo, ban iya haƙuri ba na karanta duka. Yanzu don Allah wanda Locke ya ji yana cewa a taimake ni a bukkar nan ta zango na 3, Jacob ne ko ɗayan?

Bash Mai Waya:
Ummi ki kawo wayarki shago gobe in tura miki zango na 5 da na 6, in kin kai inda Ilana ta duba tokar da aka zagaye bukkar da ita sai ki dawo mu yi wannan musun, don ni da Ɗan Fagge ma ba mu daidaita a kansa ba.